Yadda za ka mai da busa sarewa sana'a, har ka kai ga koyar da wasu

Sarewar da nake nufi ita ce ta ƙarfe mai maɓallai wadda ake riƙewa a gicciye ta hannun dama, irin wadda Theobald Boehm ya gyara a birnin Munik na Jamus a 1847, kuma kusan tsarinsa ake bi har yau. Kashi uku gare ta, kai da jiki da gindi, kuma ran farko ba ruwanka da sauran biyun. Cire kan kawai ka tsaya gaban madubi, ka ɗora gefen ramin a ƙarƙashin leɓenka na ƙasa ka hura iska ta tsallaka ramin kamar mai busa bakin kwalba, wata ta shiga wata ta wuce. Jiri zai ɗebe ka, kar ka damu, iska ce kake ɓarnatarwa saboda ƙofar leɓenka ta yi faɗi, da ka matse ta zai daina.

Ka nemi malami tun da wuri don Allah. Bidiyo a intanet yana taimakawa amma ba ya ganin kafaɗarka ta ɗaga ko wuyanka ya karkace, kuma irin wannan ɗabi'ar in ta zauna sai an sha wuya kafin a cire ta, wasu ma ciwon wuyan hannu take bar musu.

Atisayen kullum da sauti ake farawa, ba da gudun yatsu ba. Ka busa murya ɗaya ka riƙe ta har numfashi ya ƙare, ka saurara ko tana rawa ko akwai hucin iska a ciki, sannan ka sauka zuwa ta kusa da ita ba tare da kyan ya ragu ba. Marcel Moyse, malamin sarewa na Faransa, a kan wannan ya gina littafinsa na 1934, kuma ɗalibai na amfani da shi har gobe, haka ma atisayen yatsu na Taffanel da Gaubert, su ma malaman sarewa na Faransa. Yana da gundura sosai, amma a ganina duk wanda ya tsallake shi ana ganewa daga busar farko. Masu shirin sana'a sukan yi awa uku ko huɗu a rana, a rarrabe, da hutu a tsakani.

Sai karatu. Ka iya karanta rubutun kiɗa da sauri, ka horar da kunne, ka ɗan taɓa fiyano. Jarrabawar ABRSM, hukumar jarrabawar kiɗa ta Ingila, tana da mataki 1 zuwa 8, bayan nan sai makarantar kiɗa irin Juilliard a Amurka ko ta birnin Faris, digiri na farko kusan shekara huɗu, na biyu kusan biyu. Wajen zaɓe ka fi duba malamin da zai riƙe ka fiye da sunan makarantar, in da hali ka yi darasi ɗaya da shi tukuna.

To batun aiki, a nan gaskiya take da ɗaci. Babbar ƙungiyar makaɗa, masu busa sarewa biyu zuwa huɗu kawai take ɗauka, ɗaya ma fikolo yake busawa, ƙaramar nan mai tsinin murya, kuma mutum in ya samu kujerar sai ya yi shekaru a kai. In gurbi ya fito jama'a ne za su yi ca, a wurare da yawa a bayan labule za ka busa alƙalai ba sa ganinka, ƴan mintuna kaɗan, yawanci kiɗan Mozart da gutsattsarin Debussy da Ravel, shi ke nan. James Galway ya riƙe kujerar farko ta masu busa sarewa a babbar ƙungiyar makaɗa ta birnin Balin na Jamus daga 1969 zuwa 1975, Emmanuel Pahud ya same ta yana ɗan shekara 22, amma irinsu ƙalilan ne, mafi yawa koyarwa ce ke riƙe da su tare da ƴan wasanni da aikin situdiyo.

Shi ya sa nake cewa ka koyi koyarwa tun kana ɗalibi, kar ka ɗauke ta abin da ake komawa in an rasa. Iya busa daban, iya bayani daban. Yaro ɗan shekara bakwai hannunsa ba ya kaiwa, sai a ba shi sarewa mai lanƙwasasshen kai, kuma in ka ce masa ya yi numfashi daga ciki ba zai gane ba, amma ka sa ya kwanta ka ɗora masa littafi a ciki ya ga yana hawa yana sauka, nan take ya kama. Ka zauna a ajin ƙwararrun malamai ka kalli yadda suke gyara abu ɗaya tak a lokaci guda. In makarantar gwamnati kake so, ƙasashe da yawa sai da takardar shaidar malanta, to ka haɗa ta da digirinka tun yanzu. Kuma ko ɗalibai sun yi maka yawa ka ware lokacin naka atisayen kafin na farko ya shigo, don yara sautin da suka ji daga bakinka shi suke kwaikwaya.