Yadda Ake Zaɓa Wa Doki Mai Laushin Baki Linzami

Akwai dokin da ko kamazuru, wato igiyar linzami, ka taɓa sai ya fizgi kai sama, ya hangame baki, wani har ya yi tabarya, wato ya miƙe kan ƙafafun baya. Galibi sai a ce taurin kai ne, a nemo linzamin da ya fi na da ƙarfi. Na taɓa ganin wani akawal da aka yi wa haka bayan hawan sallah. Da aka zare ƙarfen, yawunsa ja ne, dasashinsa ya kumbura, aka zuba masa dusa da kanwa ya kasa ci. Ciwo ke damunsa, ba halin banza ba.

Fara da duba bakin kafin ka je kasuwa. Tsakanin haƙoran gaba da turame akwai fili marar haƙori, nan ƙarfen linzami ke kwanciya, kuma fata ce siririya a kan ƙashi. Tsaya a gefen dokin, ka sa babban yatsa a wurin, ka lallatsa a hankali. In ya zabura, ko ka ji kumburi ko tsohon tabo, ajiye maganar linzami tukuna. A wanke da ruwan gishiri mai ɗumi, a bar shi da ragama har ya warke.

Haƙoran doki suna ci gaba da turowa har ya tsufa, kuma turamen sama sukan yi kaifi ta gefen kunci, na ƙasa ta gefen harshe. Wasu dawakin suna da ɗan ƙaramin haƙori gaban turamen sama, daidai inda ƙarfe ke bugu. Wannan aikin likitan dabbobi ne, ya goge kaifin, in ya kama ya cire ɗan haƙorin. Sau ɗaya a shekara a duba.

Sai awo. Samu sanda mai santsi, kaurin yatsa, ka gitta ta a bakinsa inda ƙarfen zai zauna, ka yi alama a gefen leɓe hagu da dama. Ƙara kamar rabin santimita a kowane gefe. Wanda ya matse yana mintsinar leɓe, wanda ya yi yawa yana zamewa yana gugar dasashi.

Yanzu ga zaɓin kansa. Linzaminmu na gargajiya, wanda maƙera ke ƙerawa, yana da harshen ƙarfe da ke tokare ganɗa da zoben da ke zagaye haɓa. Shi ya sa mahayi ke iya tsayar da doki cak daga sukuwa a gaban sarki wajen jafi. Ba na raina shi, a hannun gwani ja kaɗan ya isa. Amma ga doki mai laushin baki, musamman in yaro ne zai hau, azaba ce. Haka duk linzami mai dogayen ƙafafu a gefe, domin suna ninka ƙarfin hannunka.

Nemi wanda kamazuru ke ɗaure kai tsaye a zoben gefen baki, irin wanda ake samu wurin masu sayar da kayan dawakin folo. Shi ma iri-iri ne. Mai gaɓa ɗaya a tsakiya yana lanƙwashewa ya matse harshe, tsinin gaɓar ya caki ganɗa. Mai gaɓa biyu, da ɗan ƙarfe mulmulalle a tsakani, ya fi kwanciya a kan harshe, kuma shi nake fara gwadawa. In dokin bai son motsin ƙarfe ko kaɗan, a ba shi miƙaƙƙe mai ɗan lanƙwasa. Zoben da ke manne ya fi mai juyawa, don mai juyawa yakan cafki fatar leɓe.

Mutane na ɗauka mai kauri ne mai sauƙi. Ba kullum ba. Harshe ya riga ya cika bakin doki, ƙarfe mai kauri sosai sai ya hana shi rufe baki. Milimita 14 zuwa 16 ya ishi yawancinsu. Na roba yana da taushi, amma lokacin hunturu da baki ke bushewa yakan goge leɓe, kuma in dokin ya tauna shi ya yi kaushi, a yar.

Kafin ka biya, shafa ƙarfen a bayan hannunka. Duk inda ya karce ka, zai karce shi.

Wajen ɗaurawa, a ga ɗan tattara ɗaya ko biyu a kusurwar leɓe, kada ƙarfen ya sauko ya bugi haƙora. Ranar farko ja dokin kana ƙasa kawai, washegari ka hau ku yi kilisa a hankali, hannu sake. In ya rufe baki, yana ɗan taunawa, da farin kumfa kaɗan a leɓe, wuyansa ya sauko, kun dace. Ba shi mako guda kafin ka yanke hukunci, kuma duk lokacin da ka sauka, wanke ƙarfen ka sake leƙa dasashin.