Yadda ake zaɓen buji da hana shi yin baƙi a ƙaramin babur mai injin 2T

Yawancin masu sabon shiga harkar baburan daji masu injin 2T (injin da ke ƙona fetur haɗe da man inji), irin su Yamaha DT125 ko ƙaramin PW50 da ake saya wa yara, abu guda ne ke kayar da su. Babur ya ƙi tashi, a kwance buji (fulogi, in ji mutanen Najeriya), a gan shi baƙi ƙirin yana naso, a sa sabo. Bayan kwana biyu a maimaita. Daga nan wani a bakin gareji ya ce a sa buji mai zafi, a sa, babur ya yi lafiya na ɗan lokaci, sai ranar da aka hau doguwar hanya daga Garwa zuwa Marwa fistin ya huje. Bujin ba shi da laifi. Shi dai yana nuna abin da ke faruwa a cikin inji ne.

Mataki na farko: karanta lambar. Ɗauki BR8ES na kamfanin NGK. B na nufin faɗin zarensa milimita 14 ne, R yana da abin rage hayaniyar wuta a ciki, E kuwa tsawon zaren milimita 19. Inda ka ga H a madadin E, kamar BPR4HS na PW50, tsawon 12.7 ne. Kada ka yarda mai shago ya ce maka duk ɗaya ne. Dogo a gurbin gajere yana iya dukan kan fistin, gajere a gurbin dogo kuma yana barin kunkunniya ta cike ragowar zaren, ranar da ka kawo na daidai ya ƙi shiga.

Lambar tsakiya ita ce ta zafi. A NGK, ƙaramar lamba ta fi zafi, babba ta fi sanyi: 4 na PW50 mai zafi ne domin yaro ba ya jan totur, 10 na YZ85 mai sanyi ne domin injin tsere ne. Bosch da Champion kuwa akasin haka suke ƙirgawa, shi ya sa kwatanta lamba da lamba tsakanin kamfanoni ganganci ne. Bakin buji yana bukatar zafin da ya kai kamar digiri 450 zuwa 500 kafin ya riƙa ƙone dattinsa da kansa. In ya haura 800 da wani abu sai ya riƙa kunna mai tun lokaci bai yi ba. Ni dai ƙa'idata, abin da kamfani ya rubuta shi za ka sa. A zafin Maris da Afrilu na Garwa ko Njamena, inda rana ke wuce digiri 40, ba na sa wa injin da iska ke sanyayawa buji mai zafi ko da lamba ɗaya.

Jabu sun cika kasuwa. Duba rubutun jikin farin tangaran ɗin, in yana gogewa da farce ko wayar bakin ta karkace, ajiye masa kayansa. Arahar ba ta kai kuɗin fistin da ringi ba.

Mataki na biyu, kuma nan ne aikin yake: gano dalilin baƙin. Kafin ka taɓa kafireta, buɗe matatar iska. Ƙurar hunturu tana toshe soson nan cikin 'yan kwanaki, iska ta ragu, fetur ya yi wa inji yawa. Wanke shi, bari ya bushe sarai, shafa masa mai kaɗan ka matse har ya daina ɗiga. Da yawa suna tsoma shi cikin mai su mayar yana zuba, inji ya zuƙe, su koma suna zagin buji.

In matatar ta fita daga zargi, sai a gwada. Sa buji mai tsabta, ɗumama injin, kashe cok, ka yi tafiya mai ɗan nisa a giya ta uku ko ta huɗu da totur a buɗe. Kana cikin gudun ka kama kuloci ka kashe injin nan take, kada ka bar shi ya yi silo ko na daƙiƙa biyar, domin silo yana ɓata shaidar. Kwance ka duba tangaran na ciki. Ruwan ƙasa kamar shayi da madara, lafiya lau. Baƙi busasshe mai gari, fetur ya yi yawa. Baƙi mai danshi da maiƙo, mai ne ba ya ƙonewa. Fari fat ko mai ƙuraje, tsaya nan, fetur ya yi kaɗan kuma injin yana dab da kamewa.

Idan gwajin gudu ya fito da kyau amma bujin yana baƙi a yawon cikin unguwa, matsalar tana ƙasa ne, wajen ƙaramin jet (ƙaramar kafar da fetur ke bi a cikin kafireta) da allura. Sukurun iska na gefen kafireta, mayar da shi ciki a hankali har ya zauna, ka warware zagaye ɗaya da rabi, sannan ka riƙa ƙara kwata-kwata kana sauraron inda silo ya fi tashi. In sai ka wuce zagaye biyu da rabi yake daɗi, ƙaramin jet ɗin ya yi girma, a rage shi mataki ɗaya. Allura kuma, ɗaga ƙugiyarta gurbi ɗaya sama, allurar ta sauka, fetur ya ragu a tsakiyar totur. Abu ɗaya ake canzawa a sake gwadawa. Wanda ya juya uku lokaci guda ba zai taɓa sanin wanne ya yi aiki ba. Ka kuma tuna babur ɗin da aka saita a Garwa, in ya hau Ngaundere mai tudun da ya haura mita 1,000, iska ta yi shara-shara, fetur zai yi masa yawa.

Batun haɗin fetur da mai: auna da sirinji, ba da murfin kwalba ba. Haɗin 32:1 kusan mililita 31 ne a lita guda, 40:1 mililita 25, 50:1 mililita 20. Man 2T mai alamar JASO FC ko FD za ka nema. Baƙin man mota ba ya ƙonewa da kyau, na injin kwalekwale da masuntan Lagdo ke amfani da shi kuma don injin da ruwa ke sanyayawa aka yi shi. In babur ɗinka mai famfon mai ne kamar DT ko PW, kada ka ƙara wani a tanki. Zuwa-zuwa, wato fetur na kwalba da ake sayarwa a bakin hanya, kowa na sha, ba zan ce ka daina ba, amma tace shi da ƙyalle, in ka ji warin kananzir ka wuce gaba.

Sauran masu sauƙi ne. Tazarar bakin buji yawanci 0.6 zuwa 0.8 na milimita, duba littafin babur ɗinka. Fara ɗaurawa da hannu a inji mai sanyi, in ya zauna ka ƙara rabin zagaye da sufana in sabo ne, tsoho kuwa ɗan taɓi kawai. Cok na tayarwa ne, ba na tafiya ba. Yaro mai rarrafe da babur a tsakar gida, a riƙa ba babba ya fita da shi ya buɗe masa wuta lokaci-lokaci.

In duk ka yi wannan hayaƙi bai ragu ba kuma man giya yana raguwa ba tare da ɗiga a ƙasa ba, robar kiranshaf ta ɓangaren kuloci ce ta mutu, injin na zuƙar man giya. Wannan sai bakanike ya buɗe gefen injin.