Kurakuran da aka fi yi wajen sayen filta da adafta na ƙaramar kyamara

Yawancin ƙananan kyamarori, irin waɗanda idonsu, wato gilashin ɗaukar hoto, ke fitowa idan an kunna ya koma ciki idan an kashe, ba su da haƙoran murɗa filta a bakinsu. Filta faifan gilashi ce da ake sawa a gaban idon don tace haske ko kare shi. Mutum zai sayo filta mai kyau, ya iso gida ya yi ta juyawa, babu inda za ta kama. Adafta ce ke samar da waɗannan haƙoran, kuma kowace kyamara da tata. Canon PowerShot G12 tana karɓar FA-DC58B mai faɗin milimita 58, G15 da G16 kuma FA-DC58D. Faɗin bakinsu ɗaya ne, gindinsu ne ya bambanta. Panasonic LX5 tana amfani da bututun DMW-LA6 mai milimita 52, Ricoh GR III tana amfani da GA-1 mai 49, Fujifilm X100 kuma zoben AR-X100, shi ma 49. Akwai waɗanda ba sa buƙatar komai, kamar Panasonic LX100 da ke da haƙoran milimita 43 a jikinta. Don haka a fara da cikakken sunan kyamarar harafi da harafi, sai adafta, filta ta zo ƙarshe.

Karanta lambar da ba ita ba ce

A bakin idon kyamara akwai lambobi iri-iri, kuma duk da milimita ake rubuta su. Wanda ya ga 23mm a jikin X100, ko 10.4-37.1 a jikin Sony RX100 ta farko, bai ga faɗin filta ba, nisan zuƙowar idon ya gani. Faɗin filta shi ne lambar da ke kusa da alamar ø, da'ira da aka ratsa da layi. A duba ta a jikin adaftar, ko a bayan murfin. Bambancin milimita biyu ko uku ya isa ya hana filta shiga, kuma tilasta ta yana cinye haƙoran.

Idan akwai filta babba a hannu, zoben ƙarin faɗi zai haɗa su. Ana rubuta lambobi biyu a jikinsa, misali 49-58: ta farko ɓangaren kyamara ce, ta biyu ɓangaren filta. Akasin haka, wato ɗora ƙaramar filta a babban baki, shi ke kawo duhu a kusurwoyi huɗu na hoto. Haka ma jera filta biyu ko uku. Gwajin ba wuya: a mayar da zuƙowa zuwa mafi faɗi, a ɗauki farin bango, a duba kusurwoyin. In sun yi duhu, a rage filta ɗaya ko a nemi mai siririn zobe.

Ɗora wa ido nauyin da bai iya ɗauka

Wannan kuskuren ya fi sauran tsada. Idon ƙaramar kyamara ɗan injin ne mai ƙananan haƙora, an yi shi ya tura nauyin kansa kaɗai. Adaftar da ake mannawa ko a maƙala da maganaɗisu a bakin idon, irin da ake sa wa RX100, tana ɗaukar filta ɗaya marar nauyi lafiya lau. Amma a ɗora mata gilashin faɗaɗa hoto ko na ƙara zuƙowa, sai injin ya fara gurnani, wata rana idon ya tsaya a rabin hanya, allo ya nuna saƙon matsala. Duk wani gilashi mai nauyi wurinsa bututun da ke kama jikin kyamara, ba bakin ido ba.

Shi ma bututun da nasa sharaɗin. Na bogi sau da yawa tsawonsa ba daidai ba ne: in ya gajarta, idon zai daki filta daga ciki lokacin zuƙowa, in ya yi tsawo duhun kusurwa ya dawo. Kafin a murɗa filta, a sa bututun shi kaɗai, a zuƙo har ƙarshe, a duba daga gefe ko idon ya leƙo waje. Sannan bututu yana tare filashar jikin kyamara, sai a ga inuwa kamar rabin faifai a ƙasan hoton. Idan za a kunna filasha, a cire shi.

Tsammanin UV za ta gyara hoto

Filtar UV tana tace wani hasken rana ne da idon mutum ba ya gani, amma kyamarar dijital tana da abin tace wannan hasken a gaban sensarta, wato ɓangaren da ke kama hoton, tun daga masana'anta. Aikin UV a yau kariya ce kawai, daga ƙura, yatsa da feshin ruwa, kuma a lokacin hunturu ta cancanci kuɗinta. Amma ba ta kore hazo, domin hazo ƙura ce da ke rataye a iska. Mai arha wadda ba a shafe gilashinta ba tana ninka fitilu da daddare: kowane kwan lantarki sai ya sami ɗan'uwa kore a ɗaya ɓangaren hoton. A nemi mai alamar MC, wato wadda aka shafe gilashinta, da dare kuma a cire ta.

CPL da ba a juyawa

Filtar CPL, mai kashe sheƙi, zobe biyu gare ta, na gaban juyawa ake yi ana kallon allo har sheƙi ya ɓace. Mutane da yawa suna murɗa ta su bar ta yadda ta tsaya, sannan su ce ba ta aiki. Ta fi tasiri idan rana tana gefen kafaɗa, ba a gaba ko baya ba. Tana kashe ƙyallin ruwa, gilashin mota da ganye, idan an tsaya a karkace, amma ba ta taɓa ƙyallin zallan ƙarfe. A mafi faɗin zuƙowa tana iya sa rabin sama ya yi shuɗi sosai, rabi ya koɗe. Tana kuma cin haske mataki ɗaya zuwa biyu (kowane mataki yana rage hasken da rabi), shi ya sa barin ta a cikin ɗaki ke jawo hoto mai dishi-dishi.

ND da ba ta kai ba

ND filta ce mai duhu da ke rage haske, lambarta kuma tana faɗin sau nawa ta rage shi: ND8 mataki uku, ND64 shida, ND1000 kusan goma. Masu bidiyo ne suka fi yin kuskure a nan. Bidiyo mai hoto 25 a daƙiƙa yana son saurin ƙiftawa 1/50 na daƙiƙa. Da tsakar rana, a ISO 100 (ƙarfin jin hasken sensa) da ƙofar haske f/4, kyamara za ta nemi kusan 1/1600. Tazarar mataki biyar ce, wato ND32. ND8 za ta tsaya a 1/200. Tsuke ƙofar haske zuwa f/11 ba mafita ba ce, domin a ƙaramar sensa hoton laushi yake yi. A kuma duba ko kyamarar tana da ND a cikinta: Canon G7 X da RX100 III, IV da V suna da ita mai mataki uku, RX100 VI da VII ba su da ita. ND mai canja duhu da juyi tana da sauƙin aiki, sai dai in an kai ta ƙarshe wani baƙin gicciye yana bayyana a hoton, don haka a tsaya kafin alamar ƙarshe.

Ɗaurewa da gogewa

Ba a ɗaure filta kamar noti. A fara juya ta baya kaɗan har a ji ta faɗa gurbinta, sannan a murɗa da yatsu biyu, da ta tsaya a bari. Zoben alminiyam yana cijewa, musamman idan ƙura ta shiga haƙoran. In ta cije kada a ɗauko filaya, matsi yana lanƙwasa zoben ya ƙara kamewa. A zagaya mata robar ɗaure kuɗi, a cire adaftar daga kyamara tukuna, sannan a murɗa a hankali.

Wajen gogewa, iska ce farko. A hure ƙurar da ɗan famfon roba, sai a ɗiga ruwan goge gilashi a kan ƙyalle mai laushi, ba a kan filtar ba, a goge daga tsakiya zuwa baki. Gefen riga a kan gilashi mai ƙura yana barin ƙananan zane da ba sa fita, kuma a hoton da aka ɗauka ana fuskantar rana ne suke bayyana.