Numfashi ta hanci lokacin hunturu

Jama'ar Damagaram, hunturu ya kama, kura ko'ina, ku daina numfashi ta baki. Hanci shi ke tace kura ya dumama iska ya jika ta kafin ta kai huhu, baki kuwa sai bushewar makogwaro da tari. In za ka hau kabu-kabu ja rawani ko kyalle ka rufe hanci.

Ga abin yi da safe: zauna, dora hannu a kan ciki, ja iska a hankali ka kirga 4 har ciki ya kumbura, ba kirji ba, sannan saki ka kirga 6, minti 5 ya isa, zuciya na lafawa wallahi. Mai asma kam kar ya ajiye maganinsa, in numfashi na sarkewa a nufi likita.