Yadda Ake Koyar da Rassan Adabin Hausa, Daga Firamare Zuwa Ajin Manya

Malamai da yawa a makarantunmu na Sakkwato sukan buɗe darasin adabi da rubuta rabe-rabensa a kan allo, su ce akwai adabin baka da rubutaccen adabi, kuma kowannensu ya ƙunshi zube, wato magana ko rubutu miƙaƙƙe, da waƙa da wasan kwaikwayo. Rabon daidai yake, sai dai ɗalibin da ya haddace shi yakan kawo shi tsaf a jarrabawa, amma idan aka miƙa masa shafi guda aka ce ya faɗi reshen da ya fito da dalilinsa, sai ya yi shiru. Abin da ya fi dacewa shi ne ɗalibi ya fara jin nau'in da kunnensa, ya aikata shi da bakinsa ko da alƙalaminsa, sa'annan a gaya masa sunansa da siffofinsa. Wannan jeri bai canzawa ko ɗan shekara 7 ake koya wa ko mai shekara 50, misalan da ake kawowa ne kawai suke canzawa.

A ƙananan azuzuwan firamare, tatsuniya da kacici-kacici sun isa. Malami ya ajiye alli ya ce "Ga ta nan, ga ta nanku," ya jira yara su amsa "Ta zo mu ji ta," ya ba da labarin Gizo da Ƙoƙi har ya rufe da "Ƙurungus." Bayan ya yi haka da tatsuniyoyi daban-daban, sai ya tambaye su abin da yake dawowa a kowace, kuma su da kansu za su lissafo mabuɗi da marufi da dabbobi masu magana da 'yar waƙar da takan faɗo a tsakiya, wato sun gano siffofin tatsuniya ba tare da an rubuta musu ba. A ba kowa aikin karɓo tatsuniya guda daga wurin kakarsa, kuma idan ya zo bayarwa a bar shi ya yi da Sakkwatancinsa, domin gyara masa karin harshe a wannan lokaci yakan kashe masa gwiwa. Daidaitacciyar Hausa tana da nata lokaci, wato sa'ad da aka zo rubutu.

Daga aji huɗu zuwa ƙaramar sakandare ne ake shigo da bambance-bambance. A nan ya kamata yaro ya san cewa tatsuniya ƙage ce, ƙissa kuwa labarin annabawa da sahabbai ce wadda ba a yi mata ƙari, tarihi kuma abu ne da ya auku, kamar hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo daga Ɗagel zuwa Gudu a 1804. Aikin da ya fi kowane amfani a wannan mataki shi ne a ɗauki labari guda gajere, misali na manomin da ya kai albasa kasuwa ya tarar farashi ya faɗi, a raba aji gida uku. Kashi ɗaya su rubuta shi a zube, na biyu su mayar da shi waƙa mai baiti uku ko huɗu, na uku su tsara shi a matsayin zance tsakanin manomin da dillali su fito gaban aji su yi. Idan an gama, malami ya tambayi masu waƙa abin da ya tilasta musu sauya kalmomi, ya tambayi masu wasa yadda suka nuna baƙin cikin manomin alhali babu mai ba da labari. Amsoshinsu su ne ma'anonin da za a rubuta a allo.

Waƙa ce ta fi buƙatar lokaci, kuma a nan malamin Sakkwato ya fi takwarorinsa sa'a, domin kayan aiki suna ƙofar gidansa. A fara da waƙar baka, a kunna ta a waya ko rediyo, kada a kawo ta a rubuce tukuna. Waƙoƙin Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa, da na Salihu Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, suna nuna tsarin waƙar fada sarai: ɗalibi zai ji gindin waƙa, wato layin da ake maimaitawa, yana dawowa, ya ji jagora yana kawo ɗiya, wato baitocin waƙar, 'yan amshi suna karɓa ko suna ƙarasa masa. A sa su ɗaga hannu duk lokacin da gindi ya dawo. Daga nan a kunna Ɗan Anace yana zuga 'yan dambe da kalangu, a tambaye su me ya raba ta da ta fada ta fuskar wanda ake yi wa da kayan kiɗa da kalmomin da aka zaɓa. Ta haka yabo da zuga da zambo da habaici za su fito fili, kuma bambancin zambo da habaici, wanda yakan rikita har ɗaliban kwaleji, ya fi saurin zama idan an ji su a bakin mawaƙi. Wajibi ne malami ya saurari waƙar shi kaɗai tun a gida, domin wasu ɗiyan ba na gaban yara ba ne.

Rubutacciyar waƙa kuma kada a karanta ta kamar jarida, a rera ta. Bayan rerawa sai a ƙirga ɗango, wato layi, nawa ne a kowane baiti, a gane ƙwar biyu ce ko ƙwar huɗu ko ƙwar biyar, a ja layi a ƙarƙashin gaɓar ƙarshe ta kowane baiti don a fito da babban amsa-amo, a kuma duba ƙaramin da yake cikin baitin. Game da kari, wato ma'aunin sautin waƙa, ya isa ɗan sakandare ya riƙa buga tebur yana bambance gaɓa mai nauyi da marar nauyi, sunayen bahar-bahar na aruli, wato ma'aunan waƙa da aka aro daga Larabci, a bar su sai ya je Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari ko Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Wajen misali, waƙoƙin masu jihadi na ƙarni na 19 suna koyar da mabuɗin yabon Ubangiji da salati da marufin addu'a, kuma waƙar da Alhaji Shehu Shagari ya yi a kan Nijeriya lokacin yana malamin makaranta tana nuna cewa ana iya koyar da labarin ƙasa ma da baitoci. Yana da kyau a nuna wa ɗalibai baiti guda cikin ajami da boko gefe da gefe, tun da yawancinsu sun bi ta makarantar allo.

Wasan kwaikwayo ba shi da wuyar gabatarwa ga yaron da ya taɓa yin tashe a watan azumi. A sa su yi "Tsoho da gemu" a aji, sa'annan a ce su rubuta abin da suka yi: sunayen 'yan wasa, da maganar kowa a gaban sunansa, da umarnin shiga da fita. Sun rubuta fitowa ta farko ke nan.

A babbar sakandare, inda jarrabawar WAEC da NECO take jiran ɗalibi, ƙagaggen labari yakan ɗauki kaso mai yawa. Ya dace su san cewa gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ce ta haifar da littattafan farko na wannan reshe a boko, cikinsu har da na Abubakar Imam da na Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma za su ga yadda salon tatsuniya ya bi wasu marubutan har cikin littafi. Babban kuskuren da ake yaƙi da shi a nan shi ne ɗalibi ya maimaita labari idan an tambaye shi jigo. Maganinsa a hana shi ambaton sunan tauraro, a ce ya faɗi saƙon littafin cikin jimla guda, sa'annan ya kawo wurare biyu da suka tabbatar da shi.

Manya da suke ajin yaƙi da jahilci, da matan aure na Islamiyya, ba a fara musu da Gizo, don za su ga an rena su. Su ne ma'adinin karin magana da kirari da waƙoƙin daka da na aure, saboda haka malami ya roƙe su su kawo, ya rubuta abin da suka faɗa a allo, ya zama shi ne abin karatunsu. Nana Asma'u ta bi hanya mai kama da wannan da 'yan taru, wato ƙungiyar matan da ta kafa, inda jajoji, shugabanninsu, suke koyon waƙoƙi su koma ƙauyuka su koyar da mata ta hanyar rerawa. Wajen gwaji kuwa, ko na yara ko na manya, a kawo ɗan guntun rubutu ko sauti da ba su taɓa gani ko ji a aji ba, a ce su faɗi nau'insa tare da alamu biyu da suka dogara da su, a kuma ba hujjar maki fiye da sunan.