Yadda ma'aikacin jami'a zai ɗauki hutu ba tare da an tsayar masa da albashi ba

Ko shugaban sashe ya ce maka "je ka, ba komai," ba ka samu hutu ba tukuna. A jami'o'in Najeriya hutu yana tabbata ne ranar da takardar amincewa ta fito daga ofishin rijistara, ɗauke da ranar tafiya da ranar dawowa, kwafinta kuma ya shiga fayil ɗinka. Da yawa daga cikin waɗanda ake ba takardar tuhuma, ko a tsayar musu da albashi, suna da haƙƙin hutun da suka tafi. Abin da ya kayar da su shi ne sun kama hanya takarda ba ta fito ba, ko sun dawo ba su rubuta cewa sun dawo ba.

Fara da neman littafin ƙa'idojin aiki na jami'arku. Majalisar gudanarwa ce ke amincewa da shi, kuma galibi kashi biyu ne, na manyan ma'aikata da na ƙanana. Shi ke hukunci a kanka kafin komai. Dokokin aikin gwamnatin tarayya da aka sabunta a 2021, da yarjejeniyoyin gwamnati da ƙungiyoyin ma'aikatan jami'a, wato ASUU, SSANU, NASU da NAAT, su ne tushen da ake ɗebowa, amma kowace jami'a tana da nata adadi da nata matakai, jami'o'in jiha kuma sukan bi dokar jiharsu. Dokar ƙwadago ta ƙasa mafi ƙarancin haƙƙi kawai ta ajiye: kwanakin aiki 6 bayan wata 12 ana aiki. Ma'aikacin jami'a mai zaman kanta ya karanta takardar ɗaukarsa aiki da kyau, don abin da ya wuce wannan yana cikinta.

Hutun shekara

A tsarin tarayya babban ma'aikaci yana da kwana 30, na tsakiya 21, na ƙasa 14. Da ana haɗawa da Asabar da Lahadi a lissafi, yanzu kwanakin aiki ake ƙirgawa. Bambancin ba kaɗan ba ne, domin kwanakin aiki 30 mako shida ne cif. Wanda ya fara ranar Litinin zai ƙare ranar Juma'ar mako na shida, ya dawo Litinin mai bi mata. Idan hutun gwamnati ya faɗo a tsakiya, kamar 1 ga Oktoba ko hutun Sallah, ba kwanakin aiki ba ne. Sai dai kada ka ƙara wa kanka kwana da lissafin kanka. Ranar da ke jikin takarda ita ce ranar dawowa, in ka ga kuskure a gyara maka kafin ka tafi.

A farkon shekarar hutu kowane sashe yana tsara jadawali don kada ofis ya zama kango. Sa sunanka da wuri. Idan lokaci ya matso, kamar saura wata guda, karɓi fom daga ofishin kula da ma'aikata ko ka cike ta shafin jami'a in akwai. Za a tambaye ka lambar fayil, ranar da ka dawo daga hutun bara, adireshi da lambar wayar da za a same ka, da sunan wanda zai riƙe maka aiki. Shugaban sashe ya sa hannu, malami kuma ya bi ta shugaban tsangaya, sannan a kai wa rijistara. Duk inda ka miƙa, sa a buga maka hatimin karɓa a kwafinka, ka ɗauki hotonsa a waya. Fom yana ɓata tsakanin ofis da ofis fiye da yadda ake zato, kuma kwafi mai hatimi da kwanan wata shi ne kaɗai shaidarka.

Wurin da fom ya fi maƙalewa shi ne gurbin mai riƙon aiki. Rubuta takardar miƙa aiki ko da shafi ɗaya ce: makullai, fayilolin da ke kan tebur, kuɗin ofis in akwai, abin da wa'adinsa zai cika kana hutu. Ku sa hannu ku biyu. Malami kuwa ana so ya ɗauki nasa lokacin dogon hutun ɗalibai, kuma ba shugaban sashen da zai sake shi alhali takardun jarrabawa suna jibge a ofishinsa ba a yi maki ba, ko sakamako bai wuce kwamitin sashe ba. Yajin aiki ya hargitsa kalandar jami'o'i da yawa har dogon hutun ya kusa ɓacewa, wannan zango na ƙarewa wancan na farawa. A irin haka kada ka yi shiru. Hutun da ba a ɗauka ba a cikin shekararsa yakan ƙone, sai in an ɗage shi a rubuce. Ka nema, a hana ka saboda aiki, ka karɓi takardar ɗagewa daga rijistara ko shugaban jami'a. Wanda ya yi shekara biyar bai je hutu ba, ba shi da takarda ko ɗaya, ba shi da abin nunawa ranar da zai yi ritaya. Malamai kuma suna da kwanakin aiki 26 na hutun bincike a shekara, da yawa ba sa nema don ba su san da shi ba.

Maganar kuɗin hutu: a jami'o'in tarayya an narkar da shi cikin albashi tun da aka koma dunƙulallen tsari, CONUASS na malamai da CONTISS na sauran ma'aikata. Kada ka zauna jiran wani alat na daban.

Hajji, rasuwa da uzurin gaggawa

Ba wani hutu na musamman don aikin Hajji ko Umara a dokokin tarayya, daga hutun shekararka za ka cire, sai fa wanda aka tura aiki a hukumance. Ga maniyyaci lissafi biyu ne. Na farko, Hajji yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, saboda haka yana iya faɗawa tsakiyar zango ko kan jarrabawa. Na biyu, ranar jirgi ba a hannunka take ba, tafiya da dawowa duka. Kada ka taɓa hutun shekarar kafin tafiya, ka kuma faɗa a takardarka cewa ranakun suna rataye da jadawalin hukumar alhazai. Idan jirgin dawowa ya yi jinkiri, aika saƙo a rubuce tun kana Makka ko Jidda, kafin ranar dawowarka ta wuce. Fita ƙasar waje, ko a cikin hutunka ne, yawanci sai da izinin shugaban jami'a.

Hutun uzuri na gaggawa bai wuce kamar mako guda a shekara ba a jimlace, ko a haɗe ko a rarrabe. Rasuwar miji ko mata, ɗa, iyaye ko surukai tana da nata, har zuwa mako biyu da cikakken albashi. Takaba kuwa wata huɗu da kwana goma ce, ta zarce wannan nesa ba kusa ba. Matar da mijinta ya rasu ta sa wata abokiyar aiki ta duba mata abin da littafin jami'arsu ya ce, a kuma shigar da takarda a makon farko, kada a bari sai an share makoki a tarar an rubuta ba ta zuwa aiki.

Haihuwa da jinya

Dokar ƙwadago ta ba mai juna biyu mako 12, shida kafin haihuwa shida bayanta, da aƙalla rabin albashi in ta yi wata shida tana aiki. Gwamnatin tarayya ta ɗara haka, hutunta ba ya gaza mako 16 da cikakken albashi, jihohi kamar Legas da Kaduna kuma sun kai wata shida. Ki karɓi takardar likita mai nuna lokacin da ake sa ran haihuwa, ki miƙa da saura kamar wata biyu. Idan asibitin waje kike awo, a kai takardar asibitin jami'a su sa hannu. Ki sani a wurare da yawa hutun shekarar yana shiga cikin na haihuwa, in kin riga kin cinye shi za a iya cire kwanakin. Bayan dawowa mai shayarwa tana da rangwamen awa biyu kullum har wata shida, amma shi ma a nema a rubuce. Maza sun samu nasu tun amincewar majalisar zartarwa ta tarayya a 2021: kwanakin aiki 14, sau ɗaya cikin shekara biyu, har 'ya'ya huɗu. Mai mata fiye da ɗaya ya lura da wannan sharaɗi na shekara biyu.

A jinya, takardar da ake karɓa ita ce ta asibitin jami'a ko ta asibitin gwamnati da likitan jami'a ya amince da ita. A kai wa shugaban sashe cikin kwana ɗaya ko biyu, ko ɗan'uwa ne ya kai. Wanda ba a kwantar ba yana da iyakar kwana 42 cikin wata 12 a dokokin tarayya. Idan ciwo ya yi tsawo, kwamitin likitoci ne zai duba ya ce a ƙara hutu, a sauƙaƙa aiki ko a yi ritaya. Wanda aka kai gida ana maganin gargajiya, ba takarda, a idon ofis bai zo aiki ba ne kawai.

Hutun ƙaro karatu da sabatikal

Nan ne kuɗi yake da yawa, nan ne kuma kuskure yake da tsada. Takardar samun gurbin karatu ba izinin tafiya ba ce. Sai buƙatar ta bi sashe, tsangaya, kwamitin horar da ma'aikata, ta fito da amincewa. Ana duba ko karatun ya dace da aikinka, ko akwai mai ɗaukar kwasa-kwasanka, da ko an tabbatar da kai a aiki, ko da yake ƙananan malamai da aka ɗauka don a horar da su sukan samu sassauci. Galibi ana ba da shekara biyu don digiri na biyu, uku don na uku. Za ka sa hannu a yarjejeniyar dawowa ka yi wa jami'a aiki na wasu shekaru, tare da masu tsaya maka. Karanta adadin shekarun da abin da za ka biya in ka saɓa, domin albashin da ka ci da kuɗin tallafin duka ake bi, in ba a same ka ba a bi waɗanda suka tsaya maka. Tallafin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ta hannun jami'a yake fitowa, ba mutum ke nema da kansa ba, kuma daga Janairun 2025 asusun ya dakatar da ɗaukar nauyin sababbin masu tafiya karatu ƙasar waje, bayan tsadar canji da yawan waɗanda suka tafi suka ƙi dawowa.

Abu uku ke tsayar da albashin mai karatu. Rashin aiko da rahoton ci gaba mai sa hannun malamin da ke duba aikinsa, canza jami'a ko fanni ba da izini ba, da barin wa'adi ya ƙare kafin a nemi ƙari. Nemi ƙarin lokaci da saura wata uku, haɗe da wasiƙar mai duba aikinka da ke faɗin inda aka kwana da abin da ya rage.

Sabatikal, wato hutun zuwa wani wuri don bincike ko koyarwa, shekara ɗaya ne da cikakken albashi, bayan shekara shida ana aiki ba yankewa. An fi ba babban lakcara zuwa sama, da takwarorinsu a ɓangaren mulki, ɗakin karatu da fasaha inda littafin ya tanada. Shekara shidan ana ƙirga su ne daga ranar da ka dawo daga sabatikal ko hutun karatu na baya, kuma ba a tara shi: wanda ya yi shekara 12 bai je ba, ɗaya zai samu. Ka haɗa wasiƙar gayyata daga inda za ka, da tsarin abin da za ka yi a shekarar. Sashe ba ya sakin manya biyu ko uku lokaci guda, musamman in ana jiran tawagar NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, ta tantance kwasa-kwasai, don haka faɗi niyyarka da shekara guda. Ɗaliban da kake dubawa a digiri na biyu da na uku, a rubuta wanda zai riƙe su. Kafin ka tattara, tambayi ofishin basa, wato ofishin kuɗi, na inda za ka yadda za su biya ka da yaushe. A zamanin IPPIS, tsarin biyan albashi na bai-ɗaya na gwamnatin tarayya, masu sabatikal sun sha wuya kan wannan, kuma ko da yake gwamnati ta amince a cire jami'o'i daga tsarin a Disambar 2023, gara ka ji daga bakin mai biya. Bayan dawowa akwai rahoto, akwai kuma aƙalla shekara ɗaya ta aiki kafin ka ajiye ko ka sake wata doguwar tafiya.

Wanda aka naɗa kwamishina ko shugaban wata hukuma, hutun barin aiki ba albashi zai nema. Kujerarsa tana nan, amma kashi 8 cikin ɗari nasa da kashi 10 cikin ɗari na gwamnati da ke shiga asusun fansho daga albashin jami'a sun tsaya, kuma shekarun ba lallai su shiga lissafin ƙarin girma ba. Yana da wa'adi, sabuntawa kuma kafin ya ƙare ake yi.

Ko wane iri ka je, ranar da ka dawo cike fom ɗin kama aiki a ranar, shugaban sashe ya sa hannu da kwanan wata, kwafi ɗaya ga rijistara, ɗaya ga ofishin basa, ɗaya a jakarka. Mai dawowa daga karatu ya haɗa da takardar sakamako ko shaidar kammalawa. Idan hutun ba albashi ka je, bi sawun takardar har teburin mai shirya albashi kafin tsakiyar wata, domin in aka rufe lissafin watan sunanka bai koma ba, sai wata mai zuwa, ariyas ɗin, wato albashin da kake bi bashi, kuma sai ka sake rubuta wata takardar.