Yadda Ma'aikacin Gini A Bauchi Zai Nemi Takardar Gwajin Sana'a

Akwai magina a Bauchi da suka daɗe suna jera bulo, aikinsu ba ya neman gyara. Amma ranar da kamfani ko ma'aikatar gwamnati ta ce a kawo shaida, sai ka ga yaron da suka koya wa riƙon cokali ya shige gabansu. Abin yana damuna, domin takardar ba ta fi ƙarfinsu ba. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ce ke bayar da ita bayan gwajin sana'a, wanda a ofis ake kira Trade Test.

Kafin ka taka ko'ina, zauna ka tantance sana'arka. Nan ne mutane suka fi yin tuntuɓe. A bakinmu duk wanda ke wurin gini "ma'aikaci" ne, amma a takarda kowa da rukuninsa: birkila daban, kafinta daban, haka mai aikin famfo, mai wayarin, mai fenti da mai walda. Mutum ɗaya kan taɓa biyu ko uku, yau falasta, gobe tayil, jibi ya taya kafinta kafa katakon linta. Kada wannan ya ruɗe ka. Zaɓi wadda za ka iya yi daga farko har ƙarshe ba tare da maigidanka yana tsaye a kanka ba, don a kanta za a gwada ka, ita ce kuma za a rubuta a takardar. Lebura mai kwaɓa siminti da ɗaukar kwano, duk wahalar da yake sha, sai ya kama sana'a guda ya iya ta tukuna.

Sai mataki. Guda uku ne, kuma lissafin a juye yake: ana farawa da na 3, a hau na 2, na 1 shi ne ƙololuwa.

Daga nan ka je ofishin ma'aikatar na jiha da ƙafarka, ka nemi sashen gwajin sana'a. Riƙe hotunan fasfo, katin shaidar ɗan ƙasa, da wasiƙa daga ubangidan da ya koya maka ko kamfanin da ka yi wa aiki. Sunanka ya zama iri ɗaya a kowace takarda. Muhammad a nan, Mamman a can, yana jawo jeka-ka-dawo. Kuɗin gwamnatin tarayya ta kafar biyan kuɗi ta Remita ake biyansa, ka adana rasit. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi a hannu ya kawo maka takarda har gida ba gwaji, rabu da shi. Ranar da injiniya ya miƙo maka zane, takardar saye ba za ta karanta maka shi ba.

Gwajin ya ƙunshi aikin hannu da tambayoyi. Hannunka ya riga ya san aiki, saboda haka ka ba tambayoyin lokaci: awo da tef, yawan yashi da tsakuwa a kwaɓin kankare, sunayen kayan aiki, da kiyaye lafiya a wurin gini.

Akwai kuma tsarin shaidar ƙwarewa na ƙasa, wato NSQ, da hukumar ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, ke kula da shi, wanda ke auna ƙwarewar da mutum ya samu a bakin aiki ko bai shiga aji ba.

Masu burin aiki a Ingila su sani cewa can katin shaidar ƙwarewar aikin gini mai suna CSCS ake tambaya a ƙofar yawancin wuraren gini: kore na lebura, shuɗi na ƙwararren mai sana'a, ruwan zinare na babban gwani ko mai sa ido, baƙi na manaja. Sai an ci jarrabawar kiyaye lafiya ta hukumar horar da ma'aikatan gini ta can, wato CITB, an kuma nuna shaidar ƙwarewa da tsarinsu ya amince da ita. Takardarmu ta gida ba ta zama wannan katin kai tsaye, don haka kada wani dillali ya karɓi kuɗinka da wannan alkawari.